Makunnin da ke Lungunmu

Ina tsaye a kan tukunyar gumi ina juya shinkafa kukan ya tashi daga gidan Issufu Mai Liƙi. Muryar Ramatu matarsa ce ta fara, siririya, tana cewa mai gida ya tafi, sannan sauran matan gidan suka kama. Na saki muciya na yi salati. Rana ta ɗan gota tsaka, zafin Afrilu ya kai inda kaji ma sun shige ƙarƙashin rumbu sun buɗe baki. Na janye itace daga murhu, na ja mayafi, na tsaya ina jiran abu ɗaya: in ji injin ya yi shiru.

Bai yi ba. Dum, ya huta, dum, ya huta, kamar babu abin da ya faru.

Shekara goma sha huɗu katanga ɗaya ce tsakanina da wannan ƙara. Ni Hannatu, gumi ne sana'ata, ina turara shinkafa in shanya kafin a kai ta casa, kuma duk unguwarmu a Malanbil an san ba na ga maciji da injin robar Issufu. Warinsa yana shiga mini shinkafa, ƙararsa tana shiga mini kai. Amma ranar nan ba don kaina raina ya ɓaci ba. An yi mutuwa, mai gida ne ma ya mutu, a ce inji yana ta buga takalmi? Na fita ta ƙofar lungu ina huci, na ƙetare tulin fasassun bokitai da jarkoki, na faɗa rumfar.

Matan da ke wanke roba a rabin ganga duk sun watse sun shiga cikin gida. Mazan ma haka. Mutum ɗaya na tarar, Munira, 'yarsa ta fari, ta ɗaure zane a kan wandon aiki, safar hannu har gwiwar hannu. Injin ya buɗe baki, ta zaro takalmi biyu ta jefa a kwando, ta rufe, ta danna. Fuskarta jiƙe take sharkaf, ban san ina zufa ta tsaya ina hawaye ya fara ba.

"Munira! Ba ki ji ba?"

"Na jiya, Inna Hannatu." Ba ta juyo ba. "Nan shike tare da ni. Yac ce ƙirjinai ya riƙe, za shi ɗan kishingiɗa. Yac ce kar in bar shi."

"To ai ya tahi, ɗiyata. Kashe abin ga ki taho."

Sai a lokacin ta dube ni.

"Robar takalmi ta a cikinai, Inna."

Duk garin nan, in ka cire ita da ubanta, ni kaɗai ce na san abin da wannan magana take nufi, kuma ba a makaranta na koya ba.

"Har yaushe?" na ce.

"Sai na ƙare wadda ke ciki, in tura hwarar roba ta wanke shi, in rage wuta sannu-sannu. Awa guda da rabi. In Allah ya so."

"Za su yi mai sutura kahin nan."

"Na sani," ta ce, injin ya buɗe baki, ta miƙa hannu.

Issufu ya shigo Malanbil daga Madekali yana saurayi, da gwangwanin gawayi da ƙarfe biyu. A bakin kasuwa yake zama, ka kawo masa fasasshen bokiti ya gasa ƙarfe ya narkar da guntun roba ya liƙe. Daga nan sunan ya bi shi, har ya je Makka ya dawo ba wanda ya iya ce masa Alhaji sai an ƙara da Mai Liƙi. Daga liƙi ya koma sayen robar da aka zubar yana kai wa 'yan Najeriya ta Kamba. Wata rana ya bi motar kayan har inda ake narkar da ita, ya yi wata huɗu yana musu dako don kawai ya ga yadda ake yi. Ya dawo ya fara da injin niƙa roba. Bayan shekaru ya sauko da wannan tsohon dodo daga Kwatano, kwana uku a bayan babbar mota, aka rushe rabin katangarsa kafin ya shiga. Bai iya karanta takardar da ta zo da injin ba, da hanci da kunne ya koye shi. Butoci, kofuna, bokitai, daga baya takalma. Kafin a rufe gadar kan iyaka har Doso ake zuwa da butarsa. 'Ya'yansa maza biyu sun ce wari ya yi musu yawa, suka yi kudu. Munira ce ta tsaya a gefensa tun tana 'yar makaranta, ko da ta yi aure kullum da safe tana nan. Sunan mahaifiyarsa ne da ita, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata. Mata wajen talatin ne ke cin abinci a wannan rumfa.

Tsakanin gidana da rumfar akwai lungu, faɗinsa bai fi mutum biyu su gifta ba. A jikin bangon rumfar, daidai ƙofata, akwai akwatin ƙarfe mai makunnin kuran, wato wutar lantarki. Shi ne uban duka. In ka sauke shi, ko gurup, janaretan da Issufu ya saya daga baya, ba ya kai wuta ciki.

Shekara takwas da suka wuce na sauke shi.

Lokacin mai gidana yana kwance, ciwon kai ya hana shi barci ya hana shi ci, duk bugun injin sai ya runtse ido. Sau uku na roƙi Issufu, sau uku yana ce mini in yi haƙuri zuwa la'asar. Ranar ta huɗu ban roƙa ba. Na fito, lungu ba kowa, na sauke makunnin, na zare ɗan farin abin nan mai kama da tangaran da ake kira fizibil, na cusa shi cikin tulin ƙaiƙayi a gidana. Na ji daɗin shirun har cikin ƙashina, ba zan yi ƙarya ba.

Ban san watan nan ya fara yin takalmi ba, ban kuma san halin robar takalmi ba. Ta buta tana iya sanyi a cikin inji ka sake ɗumama ta. Ta takalmi in ta tsaya cikin zafi ba ta motsi, ƙonewa take, ta zama gawayi mai guba, ta cinye dogon murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura ta, wanda suke kira bis. Kafin Issufu ya gano abin da ya ɓace ya samo wani a kasuwa, aikin gama ya gama. Hayaƙin da ya fito ranar har tantabarunsa ya kashe. Wata bakwai rumfar tana rufe kafin a samo wani bis ɗin daga ƙetaren teku. Matan nan wasu suka koma tallan ruwa, wasu suka tafi aikatau Parakou. Mai gidana ya rasu sati biyu bayan tsayawar injin, cikin shiru, kuma Issufu yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Wata safiya bayan na fita takaba ya leƙo ta kan katanga, ya miƙo mini abu a ƙunshe cikin takardar siminti. Fizibil ɗin ne, kaji suka tono shi, mai kwasar ƙaiƙayi ta kai masa.

"Hannatu, ga ajiyarki," ya ce. "Allah shi jiƙan malam."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ranar da bayanta. Ga mutanen gari cewa ya yi bis ya tsufa ya karye. Kuma ko kwaɗo bai sa wa akwatin ba. Na fi jin haushin wannan a kan komai. Da ya zage ni a tsakar kasuwa da na rama, mun huta. Sai ya bar ni da akwati a buɗe a ƙofar gidana, ina wuce shi safe da yamma, mu gaisa ta kan katanga, in yi masa mitar wari, ya yi dariya ya aiko mini da sabon bokiti duk Sallah.

Na fito daga rumfar na shiga ɗakina. Na buɗe kwallar da ke ƙasan jere, na ɗauko ƙunshin takardar simintin na ƙulle a bakin zane. A lokacin ban san me zan yi da shi ba. Na fito na jingina bayana da akwatin, na tsaya. A saman kaina akwai 'yar taga a jikin kwanon rumfar, ta nan zafi ke fitowa, ta nan nake jin tarin Munira.

Labari ya riga ya kai kasuwa. Babura suka fara tsayawa, 'yan zem masu haya da babur da rigarsu ta aiki, dillalan albasa, masunta da wandonsu a naɗe. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro. Samari suka ɗauki diga da shebur suka yi maƙabarta. Kowa ya iso sai ya yi salati, ya zauna, sannan ya juya kai wajen rumfar. Ina jin maganganunsu da Dandanci, yaren garin, da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Wa ke ciki?"

"Ɗiyatai ta."

"Subhanallahi. Ko an gaya mata?"

"Ta sani mana. Jibi kasuwa."

Sai ga Abdulgani, ƙanensa, ya sauka daga babur tun bai gama tsayawa ba. Dillalin albasa ne, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, kuma kowa ya san Issufu ne ya goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ya shiga gida. Na ji kukansa daga lungu, kukan babban mutum mai tsinka zuciya. Bai daɗe ba ya fito idonsa jawur, ya nufi rumfar.

"Munira! Kashe shi!"

"Baba, ka yi min haƙuri, in na kashe yanzu..."

"Ubanki na kwance! Gawatai ko sanyi ba ta yi ba, ke kina nan kina buga takalmi? Mi za ki saye da kuɗɗin? Likkahwani?"

"Ba takalmi nika yi ba, Baba, wanke shi nika. In yat tsaya da robar ga ciki, ya mutu."

"Inji ya mutu! Ku ji min! Kullum da marece ba kashe shi aka yi ba? Yau da mai shi yam mutu shi na ba a iya kashe shi?"

Ta fara yi masa bayani, amma injin ya buɗe baki, dole ta juya. Wannan juyawar ce ta ƙarasa shi. Na ji ya buga ƙofar kwano, na ji takunsa yana zagayowa. Ya san inda makunnin yake, kowa ya sani. Ya shigo lungun, mutane na biye da shi, ya tarar da ni.

"Hannatu, matsa."

"Sannu da haƙuri, Abdulgani. Allah shi gahwarta mai."

"Amin. Matsa."

"Ba ni matsawa."

Ya tsaya yana kallona kamar bai gane ni ba. Daga baya wani ya ce, "Ikon Allah. Ba ita ta mai ƙarar injin ga wurin mai unguwa ba?" Wasu suka yi 'yar dariya duk da halin da ake ciki. Gaskiyarsu, sau biyu na kai ƙara.

"Yarinyar ga gaskiya taka hwaɗi," na ce. "Kullum sai sun wanke cikinai kahin su kashe, ku ba ku gani. In ka sabke wanga yanzu, injin ya tahi ke nan, kuma wanga karo babu Issuhu da za shi tashe shi."

"Yaushe kinka zan makanike? Ke da ba ki san komi ba sai tukunyar gumi?" Ya matso har ina jin warin albasa a rigarsa. "Ina ganin girmanki, Hannatu. Kar ki sa in ɗauke ki."

Da zai iya, hannu ɗaya ma ya ishe shi. Na dubi bayansa, lungu ya cika har baki. Matan wankin roba sun fito daga cikin gida sun tsaya a gefe guda, a gabansu Nafisatu, wadda ta fi kowa daɗewa a rumfar. Na san abin da wata bakwai ɗin nan ya yi wa Nafisatu. A lokacin ta tura 'yarta aikatau, yarinyar ba ta sake zama a gida ba. Kullum muna gaisawa da ita, tana sayen gumina, har bikin ɗanta ni na dafa. Na yi tunanin in ce wasiyya ya bar mini, wa zai ƙaryata ni? Amma mutumin yana kwance bayan bango ɗaya ana ɗora masa ruwan wanka, ban iya ɗora masa ƙarya ba.

Na kwance bakin zanena. Yatsuna suka ƙi, sai da na sa haƙori. Na buɗe takardar na ɗaga abin sama.

"Kun san mine ne wanga?"

Na ɗaga murya na ci gaba.

"Shekara takwas, da injin ga yat tsaya wata bakwai, Issuhu yac ce muku bis ya tsuhwa. Ba tsuhwa ba ne. Ni na. Ni nas sabke makunnin ga da hannuna, niz zare wanga, nib ɓoye cikin ƙaiƙayi. Robar takalmi ta ciki, kamar yau. Awa guda ba ta cika ba injin yal lalace. Ya sani ni ta, shi yam maido min da shi. Har yau bai gaya ma kowa ba."

Bugun injin a bayana yana jijjiga mini kafaɗa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, ko ranar da aka kai ni ɗakin miji. Ji na yi kamar an tuɓe ni a tasha.

Nafisatu ce ta fara motsi. Ta ratso maza, ta zo gabana, ta daɗe tana kallon abin da ke hannuna.

"Ashe ke ta," ta ce.

"Ni ta."

"Kina kallona ina tallan ruwa da ciki wata takwas. Har sannu kika yi min."

Na ɗauka mari ne zai biyo, kuma da ya zo da ban kare ba. Sai ta juya ta jingina bayanta da bango a gefena, kafaɗarta ba ta taɓa tawa ba, idonta a kan Abdulgani. Wata ta biyo ta, sannan wata. Kafin a jima mata bakwai ne tsakaninsa da akwatin. Babu wadda ta dube ni a cikinsu.

Abdulgani ya share fuska da hannun riga. Muryarsa ta sauko, amma ba ta yi laushi ba.

"To. Ku riƙe ƙarhenku. Amma ɗan'uwana ba shi kwana cikin zahin ga yana jiran inji. Ana sallame azahar za mu kai shi. Wadda ke son ganin ubanta ta san ƙohwa."

Ya juya, maza suka bi shi.

Daga nan sai jira. Rana ta miƙe a kan lungun, babu inuwa ko ta tafin hannu. Ina jin ƙarar bokiti a tsakar gidan, ina jin an yage farin yadi. Ƙamshin turare ya tsallako katanga ya haɗu da warin roba. Bugun injin ya canza, ya daina dum ɗin nan, ya koma wani dogon gurnani. Na ɗaga kai wajen tagar.

"Munira, ƙaƙa?"

"Na hwara tura hwarar. Baƙi ka hitowa har yanzu."

"Yi sauri, ɗiyata."

"Ba shi yin sauri, Inna. In na matsa mai, ƙonewa za ta yi."

Malam Zahiru, limamin unguwa, ya fito daga gidan yana sauke hannun riga. Na kira shi ya leƙo lungu. Dattijo ne mai sanyin hali, shi ya yi wa mai gidana salla.

"Malam, don Allah a bari sai la'asar."

"Hannatu, ƙanenai na waliyyi, kuma kabari ya ƙare. Ga zahi kina gani." Ya kasa kunne wajen injin. "Ban ɗaure huskar ba tukuna. Zan ja alwalla ta yadda za ni iyawa. Hwaɗa mata."

Na faɗa mata ta taga. Na ji ƙarar buhu da ta ja a ƙasa. Nafisatu ta bar bango, ta zagaya ta shiga rumfar, na ji tana cewa, "Kawo, ni ka zubawa, ke dubi wutarki."

Aka kira salla. Ban taɓa jin ladan ya yi sauri kamar ranar ba, ko da yake na san yadda ya saba ne. Maza suka tashi, suka ɗauki butoci, kore da shuɗi da ja, duk na Issufu. Masallacin yana ƙarshen layi. Na ƙirga raka'o'in da kunne, ina roƙon Malam Zahiru ya ja. Ya ja, Allah ya saka masa. Suka sallame, suka dawo.

Ramatu ta fito har bakin lungu, mata biyu riƙe da ita, abin da mai sabuwar takaba ba ta yi. Ta ɗaga murya wajen tagar.

"Ke, taho ki gane shi. Za su ruhe."

Gurnanin injin bai tsaya ba. Can muryar Munira ta fito, a shaƙe.

"Toka-toka ta, Inna. Saura kaɗan. Ku ce su ba ni minti goma."

Aka ba ta. Ta bakin lungu na hango Abdulgani tsaye a ƙofar gida yana duban agogon wayarsa, haƙoransa a cije, hawaye na bin gemunsa. Minti goma suka cika, ya ƙara wasu bai gaya wa kowa ba. Sannan ya shiga.

Makarar ta fito a kafaɗar mutum shida, an lulluɓe ta da koren bargo. Dole ta bi ta gaban rumfar, babu wata hanya. Daga inda nake ina hango bakin lungu kawai, na ga ta gifta, na ga taron ya bi ta, ɗaruruwa, har da waɗanda ya liƙe wa bokiti shekara arba'in da suka wuce. Aka yi masa salla a filin gaban masallaci. Kabbara huɗu, kowace da gurnanin injinsa a ƙarƙashinta. Sannan sawun ƙafa ya yi nisa ta hanyar maƙabarta, layi ya zama babu kowa sai takalman yara da tabarmi.

Ban san tsawon lokacin da ya ƙara ɗauka ba. Gurnanin ya yi ta raguwa, zafin da ke fitowa ta taga ya sassauta. Matan da ke gefena suka zame ɗaya bayan ɗaya suka koma wajen Ramatu. Ni kaɗai na rage, ƙafafuna sun kumbura, fizibil ɗin yana cikin tafina har ya yi mini shaida.

Munira ta shigo lungun a hankali. Ta cire safar hannu ɗaya. A ɗaya hannun tana rungume da curin robar da ta fito ƙarshe, fari tas, girman ƙwaryar fura, babu ɗigon baƙi ko ɗaya.

"Ya hita?" na ce.

"Ya hita. Cikinai tsab." Ta dubi bakin lungu, ta dubi tabarmin da ba kowa. "Inna, ke kin gane shi? Ƙaƙa huskatai?"

"Ban gani ba, ɗiyata. Nan nike."

Ta gyaɗa kai. Ta ga abin da ke hannuna, ba ta tambaya ba, ta tagar nan ta ji komai.

"Sabke shi, Inna," ta ce. "Yanzu ba komi."

Na juya na buɗe akwatin. Hannuna ya kama ƙarfen ya tsaya, ya ƙi. Sai ta ɗora nata a kan nawa, da zafinsa da ƙanzon ƙuna a yatsu, muka ja tare.

Fankar injin ta yi juyi biyu ta tsaya. Na ji kukan matan cikin gida sarai, na ji injin wani jirgin ruwa can a kogi. Munira ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin bango, ta ɗora curin a cinya ta rufe shi da tafukanta biyu. Na zauna kusa da ita. Da na taɓa shi da sauran ɗumi, muka zauna a nan har ya huce.